Likitar Keke da Mayen Ƙarfenta

Keken ɗinki nawa ka taɓa gani a gidajen mutane an lulluɓe shi da tsohon zane, an ɗora masa kwanuka da fitila, ya koma tebur? Tsaya ka ƙirga tukuna, kada ka ce "da yawa". Matar da ake kira Likitar Keke ta ƙirga nata a wuri ɗaya cikin minti goma, ta sami tara. Taran nan kuwa su suka hana a raba mata 'ya'ya.

Ita ce ta huɗu a 'ya'yan wani mai gyaran keken ɗinki, kuma ita kaɗai ce mace. A cikin yayyenta uku babu wanda ya yi wata guda cur a shagon. Ita da aka aiko kawo abinci tana 'yar shekara takwas, sai ta maƙale, ta yi shekara goma sha ɗaya tana miƙa wa tsohon kayan aiki. Tsohon yana da wata ɗabi'a: ba ya kwance keke sai ya saurare shi. Zai ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya manna mariƙin a kunne, ya ce wa tela, "Taka a hankali." Yakan ce keke ba ya ƙarya, mai keke ne ke yi. Da ya rasu, yayyen suka sayar da akwatin kayan aikinsa kafin ma labari ya iso mata. Ta yi aure, ta haifi mata uku, ta yi shekara goma sha huɗu ba ta riƙe sukudireba ba sai in maƙwabciya ta roƙa, a sallame ta da "Allah ya saka".

Shekara tara suka yi a gidan haya, ɗaki biyu da 'yar baranda. Rana ɗaya aka sayar da gidan, sabon mai shi ya ce shaguna zai gina, ya ba da wa'adin wata guda. Abin ya zo a daidai lokacin da mijinta, mai tura baro a kasuwa, yake kwance da ciwon baya wata biyu. Ranar da leburori suka fara cire kwanon rufi, kayansu duka ƙulli bakwai ne da katifa ɗaya.

Wata ƙungiyar taimako ce ta karɓe su a wani tsohon sito da ta gyara. Iyali ashirin da uku a ciki, an raba musu wuri da labule, kowa taku biyar a tsaye, taku huɗu a kwance. Famfo biyu, banɗaki huɗu. In mutum ya yi atishawa a wannan kusurwa, daga waccan ake yi masa addu'a. Ƙa'idar wurin ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci: kwana casa'in, domin akwai wasu iyalan a layi suna jira. Wan mijinta ya riga ya yanke hukunci ta waya. In kwana casa'in suka cika ba ɗaki, zai ɗauki manyan biyu, innarta ta ɗauki Auta zuwa wani gari, su kuma iyayen kowa ya san inda zai raɓe. Ita kuwa ta sami guntun alli, kullum da safe ta ja layi ɗaya a bangon bayan katifa.

Ƙungiyar tana ba kowane iyali ɗan tallafi sau ɗaya tak. Ba wani kuɗin kirki ba ne, iyakarsa ya sayi keken ɗinki na ƙafa guda. Takardar ma shafi ɗaya ce, da tambaya ɗaya mai muhimmanci: me kake buƙata don ka tashi? Ranar layi na ashirin da huɗu takardar ta iso labulenta. Tana juya biro, sai tsohuwar da ke labulen kusa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta leƙo.

"Me kike tsaya tunani? Rubuta keke."

"Gwaggo, ni fa ban iya ɗinki ba. In na ja layi, maciji ma sai ya yi mini dariya."

"Wa ya tambaye ki? Duk matan nan keke suka rubuta, keke aka ba su. Ki rubuta wani abu daban, a ce za a duba, su yi ta dubawa har a kwashe miki 'ya'ya. Rubuta, 'yar nan, da babu gara ba daɗi."

Ta rubuta keke. Bayan mako guda aka ce an amince, zai iso cikin kwana bakwai. Mijinta har da rangwaɗa, wai ya zama mijin tela.

To, a safiyar layi na talatin da ɗaya ne abin ya juya. Tana wanke wa Auta fuska, sai ta ji Gwaggo na taka kekenta a bayan labule. Ƙwas, ƙwas, gurrr, ƙwas. Zare ya tsinke, Gwaggo ta ja tsaki. Ta sake takawa, ya sake tsinkewa. A karo na uku hannun matar nan ya tsaya cak a kan fuskar yarinya. Kunnenta ya riga ya tafi.

"Gwaggo, wane mai kike zuba wa keken nan?"

"Mai dai. Wanda nake girki da shi. Mai ai mai ne."

"Wayyo! Kin soya shi da ransa!"

Ba ta da sukudireba, sai ta ɗauki wuƙar yanka albasa da cokali. Ta ɗora bakin cokalin a jikin keken, ta manna mariƙin a kunne, ta ce, "Taka a hankali." Mata suka fara taruwa, wata ta ce, "Ku zo ku ga likita na awon ciki!" Daga ranar sunan ya bi ta. Ta kwance ƙoshiya, wato gidan da zaren ƙasa ke zama, ta tarar man girkin ya daskare da ƙurar yadi ya zama danƙo. Ta roƙi kananzir cikin murfin kwalba, ta wanke da tsohon buroshin haƙori, ta mayar. Minti ashirin da biyar. Gwaggo ta taka, keke ya ɗauka sumul kamar ruwa a kwararo. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa har sai da jarirai biyu suka farka a siton.

Guɗar ce ta jawo Malamar ƙungiya, matashiyar da ke karɓar takardu. Kafin ta gama tambayar me ya faru, wata ta ce nata ma ya tsaya tun watan jiya, wata ta ce nata bel ne ya tsinke, wata ta ce nata cin yadi yake kamar akuya. Likita ta miƙe ta bi labule ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga zannuwa. Keke goma sha huɗu ƙungiyar ta raba a siton nan. Biyar ke aiki. Tara sun zama teburin kwanuka.

"Me ya hana ku faɗa?" in ji Malama, idonta waje.

"Kunya, Malama," in ji Gwaggo. "A ba ka kyauta, ka koma ka ce ta mutu? Mai gyara kuma yana can ƙarshen gari, kuɗin mota kaɗai ya ci ɗinkin mako."

Likita ta matso kusa da Malama. Ta ce, "Malama, in na fasa keken, za a ba ni kayan gyara?"

Malama ta faɗa mata gaskiya. In ta fasa, keken zai tafi ga ta gaba a layi, ba ya dawowa. Kwamitin ƙungiya ba zai sake zama ba sai bayan mako uku, kuma ba su taɓa ganin irin wannan buƙata ba, suna iya ƙi. Likita ta yi lissafi a tsaye: talatin da ɗaya da ashirin da ɗaya, hamsin da biyu. Saura kwana talatin da takwas, in an yarda ke nan.

Da mijin, wanda ya fara lallaɓawa kasuwa, ya dawo da rana ya ji, sai ya zauna daɓas a bakin katifa.

"Maman yara, kin san me kika yi? Kin saki reshe kin kama ganye. Ko ba ki iya ɗinki ba, ai keke kadara ne, sai mu sayar."

"Mu sayar mu ci kwana nawa, Malam? Keke na goma sha biyar zai zama a siton nan, kuma ni ce ma ban iya ba. Amma mai gyara, ko ɗaya babu."

"In kwamiti ya ƙi fa? Yaya zai zo da mota, ni zan tsaya in kalli yaran nan suna shiga."

"In ya ƙi, da cokali zan ci gaba. Ka ji guɗar Gwaggo kuwa?"

"Na ji labari tun daga bakin titi. Na zaci haihuwa aka yi." Ya yi dariyar da bai shirya ba, ya shafa bayansa. "To, Allah ya sa gado ne ba karambani ba."

A sabuwar takarda abu goma sha bakwai ta jera, kowanne da adadinsa: sukudireba shida manya da ƙanana, sifana uku, filaya biyu, magagari, buroshi, man keke kwalba huɗu, bel goma, allurai fakiti biyar, ƙoshiya shida, har ƙasa. Na goma sha bakwai shi ne mayen ƙarfe ɗan ƙarami. Duka kayan ba su kai sulusin kuɗin keke ba, sai ta roƙi a ajiye ragowar don kuɗin kama ɗaki.

Mako ukun nan ba ta zauna ba. Da wuƙa da cokali ta bi kekuna taran, ta rubuta ciwon kowanne a bayan kwali: huɗu man girki, biyu bel, ɗaya an sa allura a juye, ɗaya haƙoransa sun cika da ƙura, ɗaya kuwa ya faɗo daga mota ƙarfensa ya tsage. Mai allura a juye da mai ƙura nan take ta tashe su. Malama ta ɗauki kwalin nan ta kai gaban kwamiti.

Ranar layi na hamsin da uku sai ga Malama ta shigo da akwatin ƙarfe kore, tana haki tana dariya.

"Sun yarda! Amma sai da aka yi minti goma ana gardama a kan mayen ƙarfe. Wani dattijo ya ce ko kayan wasan yara za ki saya wa Auta."

"Ki ce masa ya bari ya gani."

Likita ta buɗe akwatin, warin sabon mai ya bugi hancinta, sai ga shagon tsohonta ya dawo mata gaba ɗaya. Ba ta tsaya kuka ba, aiki na jira. Kwana shida ta tashi shida da suka rage masu tasuwa. Mai tsagaggen ƙarfe ta kwance shi ta ajiye sassansa, da yardar mai shi, wadda ta koma yin karɓa-karɓa da Gwaggo a kekenta. Keke goma sha uku suna kuka a sito ɗaya! Har mai gadi ya ce ko masana'anta aka buɗe ba a gaya masa ba. Matan suka karɓo ɗinkin kayan makaranta, kowace ta fara sallamar Likita da abin da ya sawwaƙa. Mijin ya ɗora akwatin a baro, ya riƙa kai ta layin teloli na kasuwa yana shela, "Ga likita! A fito da marasa lafiya!" Kafin layi na saba'in da biyar ta gyara keke talatin da takwas. Da abin da ta tara da ragowar tallafin, kuɗin kama ɗaki ya haɗu.

Sai dai kuɗi bai isa ya buɗe ƙofa ba. Masu gida huɗu suka zaga, duk da sun ji "daga sito" sai fuska ta canja. Na biyar, mai wani ɗaki a bayan layin teloli, ya ɗan sassauta: zai bayar, amma sai wani mai shago a kasuwar ya sa hannu ya tsaya musu. Telolin da take yi wa gyara kowa ya sosa ƙeya, ya ce sai dai shugabansu. A ranar layi na tamanin da biyar wan mijin ya bugo ya ce ya yi maganar mota. Da la'asar Likita ta tarar babbar 'yarta na ninke kayanta a leda, tana tambaya a hankali, "Mama, in an kai Auta wurin Inna, wa zai riƙa yi mata kitso? Ba ta yarda da hannun kowa."

Shugaban teloli tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, shekara arba'in da ɗaya a layin. Ranar tamanin da bakwai da hantsi suka same shi a shago. Ya saurari mijin har ƙarshe, sannan ya kalli akwatin kore ta saman tabarau.

"Ke ce likitar da ake ta faɗa? Ni ba na sa hannu a kan labari, 'yar nan. Gani ya kori ji." Ya yaye wani buhu a kusurwa. Ga wani baƙin keke, zanen jikinsa duk ya goge. "Da wannan na fara. Shekara shida yana kwance. Masu gyara uku sun ci kuɗina, maza masu gemu. Ɗinki bakwai yake yi ya tsinke zare. In kin tashe shi, kawo takarda. In kin kasa, mu rabu lafiya."

"Baba, a ba ni kujera."

Teloli suka bar aikinsu suka cika ƙofar shago. Wani ya ce, "Baba, ka shirya kuɗin likkafani, likita ta zo!" Ta yi kamar ba ta ji ba. Ba ta kwance ko noti ɗaya ba. Ta ɗauko doguwar sukudireba, ta ɗora bakinta a gefen ƙoshiya, ta manna mariƙin a kunne, ta rufe ido.

"Taka a hankali, Baba."

Tsoho ya taka. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai, zare ya tsinke. Ta ce a sake. Ya sake. A karo na uku ta ji shi: wani ɗan "tis" siriri a ƙarƙashin duk ƙarar, kamar ƙwayar yashi a haƙori. Ta matsar da sukudirebar yatsa guda, ta sake saurare. Nan ne.

"Baba, keke ba ya ƙarya. Kafin ya fara wannan ciwo, allura ta taɓa karye maka a ciki?"

Tsoho ya cire tabarau. "Ta karye. A kan wani wando mai kauri. Amma na ciro guntun."

"Ka ciro na sama. Tsinin yana nan."

Ta kwance ƙoshiya da zoben da take juyawa a ciki. Aka leƙa da fitilar waya, ba a ga komai ba, domin abin ya shige wani lungu a bayan zoben inda ido ba ya kai, filaya ma ba ta shiga. Masu tsokana suka fara gyaran murya. Mijinta ya riƙe bayansa da hannu biyu. Sai ta buɗe ƙaramin aljihun akwati, ta ɗauko abu na goma sha bakwai. Ta ɗiga kananzir, ta jira minti biyu, ta manna mayen ƙarfen a jikin siririyar sukudireba, ta zura, ta juya a hankali. Da ta zaro, ga shi a baki yana ƙyalli: tsinin allura, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Shekara shida yana yanka zare!

Ta goge wurin da ya karce, ta mayar da komai, ta ɗiga mai sau biyar. Tsoho ya sa ƙyalle ya taka. Telolin da kansu suka kama ƙirga da ƙarfi: bakwai, takwas, tara! Ashirin! Hamsin! A wajen ɗari suka rikice da ihu, tsoho kuwa bai tsaya ba, ya ɗinke ƙyallen ya jawo wani, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Ina takardar?" in ji shi. "Kai, mijin likita, daina rawa ka miƙo biro, bayanka zai tashi!"

Layi tamanin da tara ne a bangon sito ranar da suka fita, na casa'in ba a ja shi ba. Ƙulli bakwai, katifa ɗaya, akwati kore, yara uku cif, duk a baro biyu. Ɗakin taku takwas ne da taku shida, da taga ɗaya da ƙofar katako. Auta ta buɗe ƙofar nan ta rufe sau goma sha biyu kafin a hana ta. Mijin ya kira wansa ya ce a bar mota ta huta, in ya so ya zo cin abinci.

Yau shekara biyu ke nan. Likita tana da benci a ƙofar shagon Baba, tsinin allurar nan kuma yana cikin 'yar kwalba a kan bencin. A littafinta keke ɗari huɗu da goma sha biyu sun bi ta hannunta, bakwai kaɗai suka gagara. Duk ranar Talata tana komawa sito, ta duba kekunan sababbin zuwa, ta ɗaga kwalbar man girki ta ce, "Wannan na tukunya ne!" Mata biyu na koyon gyara a wurinta. Gwaggo ta kama nata ɗakin kwana huɗu kafin su Likita su fita. Ƙungiyar kuma ta ƙara layi ɗaya a takardarta, sama da tsohuwar tambayar: me ka riga ka iya? Malama ta ce tun da aka ƙara layin, an sayi tsani biyu, sikeli ɗaya, da almakashin aski, abubuwan da da can ba wanda ya yi ƙarfin halin rubutawa.

Saura kai. A unguwarku akwai iyalin da ke raɓe a zauren wani ko a kangon da ba rufi, ka san su. Cikin makon nan ka je ka zauna da su minti goma. Kada ka fara da abin da kake jin ya kamata a ba su. Tambayi uwar ko uban abin da hannunsu ya riga ya iya, ka ba su takarda su jera kayan da suka rasa, kowanne da adadinsa. In jerin ya fi ƙarfinka, nemo mutum huɗu ku zama biyar. Kuma in ka ga wani abu a ƙasan jerin da ya ba ka dariya, don Allah kada ka soke shi. Gwada ka gani.